Ɗaure Ruwan Bashi a Watan Yuni: Lissafin Masu Hannun Jari a Ostireliya

A Ostireliya watan Yuni lokacin sanyi ne, kuma shi ne ƙarshen shekara a wajen hukumar haraji. Shekarar kuɗinsu tana somawa ne ran 1 ga Yuli ta ƙare ran 30 ga Yuni. Shi ya sa da zarar Mayu ya raba, akantoci ba su da lokacin kansu, bankuna kuma sai su shiga aika wa abokan hulɗarsu saƙo iri guda: zo ka ɗaure ruwan bashinka kafin wata ya mutu, ka biya na shekara guda gaba ɗaya, ka rage haraji. Waɗanda aka fi yi wa wannan tayi su ne masu cin bashi don sayen hannun jari.

Na san da yawa cikin masu karatu da jin "bashi da ruwa" sun gama yanke hukunci, domin riba haramun ce a Musulunci, ba wani kwana-kwana. Ba talla nake yi ba. Sai dai wannan nau'in bashi ya taɓa girgiza bankunan Najeriya, kuma sanin yadda tarko yake ba shiga cikinsa ba ne.

Tsarin bashin ba shi da wuyar ganewa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: kai za ka kawo naka kuɗin, ko hannayen jarin da ka riga ka mallaka, banki ya ƙara maka nasa, a haɗa a sayi hannun jari, sannan dukkan abin da aka saya ya zama jingina a hannun bankin. Kowane kamfani da iyakar da aka yanka masa. Manya irin su BHP ko Commonwealth Bank, ana iya ba ka bashin da ya kai kashi 70 cikin 100 na darajarsu, wani lokaci ma da ɗan ɗoriya. Ƙananan kamfanoni kuwa abin da za a ba ka bai kai haka ba, wasu ma sam ba a karɓarsu jingina.

Ruwan da ke kan bashin iri biyu ne. Akwai mai hawa da sauka, wanda ake lissafa shi kullum a caje ka duk wata, yana bin sawun farashin da Babban Bankin Ostireliya ya sa. Akwai kuma ɗaurarre, wanda za ku yi yarjejeniya da banki a kan farashi guda na tsawon wani lokaci, galibi wata 12. Ɗaurarren ne ake iya biya tun kafin a ci shi, kuma nan ne haraji ya shigo.

Dokar ƙasar ta yarda mutum ya cire ruwan da ya biya daga kuɗin shigarsa kafin a yanka masa haraji, muddin bashin ya tafi ne wajen sayen abin da ke kawo kuɗin shiga, kamar hannun jarin da ake raba wa riba. Akwai kuma ƙa'idar da suke kira ta wata 12. Idan mutum ya biya kuɗin wani abu tun kafin lokacinsa, kuma tsawon abin bai wuce wata 12 ba, kuma zai ƙare kafin shekarar kuɗi mai zuwa ta fita, to yana da damar cire kuɗin duka a shekarar da ya biya. Ke nan wanda ya biya ruwan Yuli zuwa Yuni mai zuwa a makon ƙarshe na wannan Yunin, bana zai ci moriyar ragin, ba sai baɗi ba.

Bari mu ƙaddara wata mata ma'aikaciya a birnin Sidni, mai albashin dala 130,000 a shekara. Tana da bashin dala 100,000, banki ya ce zai ɗaure mata a kan kashi 8, wato dala 8,000. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024, duk dalar da ta haura 120,000 harajinta kashi 37 ne, ga kuma kashi 2 na kiwon lafiya. Daga 1 ga Yulin 2024 gwamnati ta sauya ma'aunin, aka ɗaga wannan iyaka zuwa 135,000, abin da ke ƙasa da ita kuma aka mai da shi kashi 30. Da matar nan ta biya dala 8,000 ɗin a Yunin 2024, ragin da za ta samu dala 3,120 ne. Da ta bari tana biya wata-wata a sabuwar shekara, 2,560 za ta samu. Bambancin dala 560 ne, kuma wannan kuɗi ne na gaske da ya zauna a aljihunta.

Amma a lura da abin da ya haifar da ribar nan: ma'aunin harajinta ne ya sauko tsakanin shekarun biyu. In da bai sauko ba, da abin da ta yi bai wuce jawo ragin baɗi zuwa bana ba. Ba a ƙara mata ko sisi, an dai gaggauta mata. Ita ma kuma ta gaggauta wa banki, domin ta miƙa masa dala 8,000 a dunƙule, kuɗin da da zai riƙa fita kaɗan-kaɗan yana yi mata wani amfani kafin ya fita. Bankuna kan ɗan sassauta farashi ga mai biya tun farko, kuma ba don Allah suke yi ba.

Akwai wani abu da tallan ba ya faɗa da ƙarfi. Shekarar farko ce kawai mai daɗi. A cikinta mutum yana cire ruwan da ya riƙa biya wata-wata, ya kuma cire na shekara mai zuwa, ragi biyu a shekara ɗaya. Yuni na zagayowa sai ya tarar ba shi da abin cirewa, sai fa in ya sake biyan na gaba. Haka zai yi ta yi duk shekara, ragi ɗaya tal kamar kowa, ranar da ya daina kuwa shekarar za ta zo masa wayam. Ba cinya ba, ƙafar baya. Saboda haka wanda dabarar ke yi wa rana shi ne mai shekarar da ta fita daban: ya sayar da gida ko hannun jari ya ci ƙazamar riba, ko an ba shi wani babban lada a wajen aiki, ko zai yi ritaya, ko mace za ta tafi hutun haihuwa kuɗin shigarta ya ja baya. Wanda albashinsa bana da baɗi duk ɗaya ne, abin da zai tsira da shi kaɗan ne.

Sai kuma batun farashin kansa. Ɗaure ruwa caca ce a kan abin da Babban Banki zai yi, ko mutum ya yarda ko bai yarda ba. Wanda ya ɗaure a Yunin 2022 ya yi dace: a lokacin farashin Babban Bankin kashi 0.85 ne, zuwa Yunin 2023 ya kai 4.10, shi kuwa ko a jikinsa. Wanda ya ɗaure a Yunin 2019 kuma ya ga akasi. Farashin yana 1.25, aka yi ta zaftare shi har ya sauko 0.25 a Maris na 2020, masu hawa da sauka suna samun sauƙi shi yana kallo. Bankin da ke yanka maka ɗaurarren farashi ya riga ya sa hasashen kasuwa a ciki, kuma yana da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan hasashe. Ban ga dalilin da zai sa ɗan kasuwa ko likita ya ɗauka ya fi su hange ba. Abin da yake saye a gaskiya shi ne kwanciyar hankali: ya san abin da bashin zai ci masa har shekara.

To, amma ruwa ba shi ne babban haɗarin wannan bashi ba. Nan ne nake ganin ake karkatar da hankalin mutane. An ɗaure farashin bashi, ba a ɗaure farashin hannun jari ba, kuma shi ne mai kayar da mutum.

Mu koma wajen matar Sidni. A ce hannayen jarinta sun kai dala 160,000, bashi 100,000, iyakar da aka ba ta kashi 70, da ɗan rangwamen kashi 5 da bankuna kan bari kafin su ɗaga waya. Kasuwa ta faɗi, darajar ta koma 133,000. Faɗuwar ba ta kai kashi 17 ba, abin da kasuwa kan yi ba tare da duniya ta tashi ba. Amma yanzu bashin ya haura kashi 75 na jinginar. Sai saƙo ya shigo wayarta cewa ta cike giɓi, kuma wa'adin yawanci bai wuce awa 24 ba. Ko ta kawo tsabar dala 6,900, ko ta ƙaro wasu hannayen jarin, ko a sayar da nata. In sayarwa ce, ba na 6,900 za a sayar ba, na 23,000 ne, domin duk abin da aka sayar yana rage bashi yana kuma rage jingina. A farashin faɗuwa kuma za a sayar. In ta yi shiru, banki ba ya jiran izininta.

Yanzu a tuna ina tsabar kuɗinta ta tafi. Dala 8,000 da za ta iya toshe wannan rami da su, tun Yuni ta ba banki. Ruwan da aka biya tun farko kuma galibi ba a mayar da shi, ko a mayar bayan an cire tarar karya yarjejeniya, ya danganta da abin da aka sa wa hannu. Sai ta wayi gari ta biya ruwan 100,000 alhali hannun jarin da ta ci bashin dominsa an sayar da wani kaso nasa. Wanda ya ɗaure a Yunin 2019 ɗin nan, abin da ya same shi ke nan in bashinsa ya yi nauyi: a Maris na 2020, da annobar korona ta kunno kai, kasuwar Ostireliya ta zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na darajarta a 'yan makonni. Wasu bankunan ma har rancen kuɗin ruwan suke ba mutum, a ɗora a kan uwar kuɗin. Ragin haraji ya samu ba tare da ya taɓa aljihu ba, amma ya matsa kusa da bakin ramin da ƙafarsa.

Mutanen ƙasar ba su manta da 2008 ba. Daga Nuwamban 2007 zuwa Maris na 2009 kasuwarsu ta rasa fiye da rabin darajarta. Kamfanin ba da shawara na Storm Financial, da ke garin Townsville a jihar Queensland, ya riƙa sa mutane su jinginar da gidajensu su karɓi kuɗi, sannan su ɗora bashin hannun jari a kan wannan kuɗin, bashi a kan bashi. Da yawansu tsofaffi ne 'yan fansho. Kamfanin ya durƙushe a Janairun 2009, dubban mutane suka tafka asara, wasu har da muhallinsu. Bayan nan ne aka shigar da wannan bashi ƙarƙashin dokar kamfanoni daga 2010, hukumar ASIC ta samu ikon sa ido a kansa, aka kuma wajabta wa mai ba da bashi ya duba ko ya dace da mai karɓa, ya kuma sanar da shi idan giɓi ya buɗe.

Mu ma a nan Najeriya mun ɗanɗana, kuma a lokaci guda. Kafin kasuwar hannayen jari ta Legas ta kai ƙololuwa a Maris na 2008, bankuna sun yi ta ba mutane bashi su sayi hannun jari, wani lokaci ma hannun jarin bankin da ya ba da bashin. Da farashi ya rikito, jinginar ta zama takarda. Ran 14 ga Agustan 2009 Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba naira biliyan 420 don kada su rushe, a 2010 kuma aka kafa AMCON ta kwashe ruɓaɓɓun basussukan. Ba wanda tsadar ruwa ta kayar a lokacin. Darajar abin da aka jinginar ce ta narke.

Masu taka-tsantsan a Ostireliya, idan za su ɗaure, ba sa ɗaure bashin duka. Sukan ɗaure kason da suka tabbata za su riƙe har shekara, su bar saura yana hawa da sauka, don in ta ɓaci su iya rage shi ba tara. Sukan kuma tsaya nesa da iyakar da banki ya ba su, wajen kashi 40 ko 50, su ajiye tsabar kuɗi a gefe. Mai irin wannan tsari, in shekararsa ta zo da haraji mai nauyi, biyan ruwa a Yuni lissafi ne mai kyau. Wanda kuwa ya ci bashi har wuya, ya kwashe ɗan abin da ya rage masa ya biya ruwan baɗi don akanta ya ce za a rage masa haraji, ya sayi dala ɗari biyar ne da kuɗin da zai cece shi daga sayar da na dubu ashirin.

Kuma ko wanda lissafin ya yi wa daidai sai ya kula da kalanda. Hukumar haraji ranar da kuɗi ya fita take dubawa, ba ranar da aka yi niyya ba, bankuna kuma sukan rufe karɓar takardu kwanaki kafin ƙarshen wata. A 2024, shekarar da aka sauya ma'aunin harajin, 30 ga Yuni ranar Lahadi ta faɗo. Wanda ya bari sai Litinin, kuɗinsa ya faɗa sabuwar shekara, a sabon ma'aunin kashi 30.