Me ya sa kwamfuta ba ta bin hanya mafi sauri kullum wajen karanta faifai?

Duk lokacin da aka saka faifan CD ko DVD a kwamfuta, wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke cikin kanel, wato zuciyar tsarin aiki, ita ke magana da na'urar karanta faifan. A tsarin ATAPI, wato ƙa'idar magana da irin wannan na'ura, direba kan aika umarni cikin ƙunshi mai bayit 12. Amma kafin ya aika, sai ya yanke shawarar hanyar da bayanan za su bi: PIO ko DMA.

A hanyar PIO, furosesa ce da kanta ke kwaso bayanai kaɗan-kaɗan, kamar ɗan kasuwar da ya bar shago ya tafi sauke buhuna da kansa. A hanyar DMA kuwa, an ba ɗan dako aikin: na'urar da ke tsakani tana zuba bayanai kai tsaye cikin RAM, sai ta gama ta sanar da furosesa. Gudun PIO bai wuce megabayit 16.7 a daƙiƙa ba, alhali UDMA/33, wani nau'in DMA, kan kai 33.3, kuma furosesa na samun sararin yin wasu ayyuka.

To me zai hana a bi DMA koyaushe? Dalili shi ne umarnin ba iri ɗaya ba ne. Karanta bayanan faifai yana zuwa ne a gutsure masu bayit 2048, na faifan waƙa kuma 2352, duka suna rabuwa da 16 ba saura. Amma idan direba ya tambayi na'ura sunanta da umarnin INQUIRY, amsar takan zo da bayit 36. Na'urori da dama sukan ruɗe, har su sandare, idan aka nemi irin wannan adadi ta DMA. Shi ya sa libata, sashen Linux mai kula da waɗannan na'urori, ke duba tsawon kowace buƙata: in bai rabu da 16 ba, sai ya koma PIO, sai fa na'urar da aka san tana jurewa. Bayit 36 ba ya gajiyar da furosesa, amma sandarewar na'ura na iya tsayar da aiki cak.

Kurakurai ma na sauya shawara. A zamanin Windows XP, tsarin kan rage gudu, har ya koma PIO, bayan kurakurai shida na jinkiri ko gurɓatar bayanai, abin da faifai mai ƙarzuwa kan jawo. Nan ne fim ke fara tsinkewa, kwamfuta ta yi nauyi, mai ita ya ɗauka na'urar ta lalace. Sau da yawa lafiyarta ƙalau. A duba saitin hanyar, a mayar da DMA, a kuma canja faifan ko wayar haɗi kafin a kashe kuɗin sayen sabuwa.