Markala: Inda Jirage Ke Hawa Matakalar Ruwa

Kogin Isa da ke ratsa Yamai, tun kafin ya iso ƙasar Nijar ya riga ya ɗauki jirage da kaya mai yawa a cikin ƙasar Mali. Hanyar jiragen tana farawa daga Kulikoro, ta bi Segu da Mopti da mashigin Tumbutu, ta ƙare a Gao, tafiyar kimanin kilomita 1300.

A Markala, gaba kaɗan da Segu, akwai babban baraji da aka soma ginawa a 1934, aka gama a 1947. Turawan mulkin mallaka ne suka sa aka gina shi, talakawa da yawa kuma suka sha wahalar aikin tilas a wurin. Barajin yana ɗaga ruwa fiye da mita 5 don ya shiga magudanan hukumar Office du Niger, wadda aka kafa a 1932, ya shayar da gonakin shinkafa da rake.

To, amma abin da ya amfani manomi ya tare wa matuƙi hanya. Shi ya sa aka haƙa wata hanyar ruwa mai tsawon wajen kilomita 8 wadda ta kewaye barajin, aka gina mata wani ɗaki mai ƙofofi biyu na ƙarfe. Idan jirgi ya fito daga Mopti, sai ya shiga ɗakin, a rufe ƙofar baya, a saki ruwa daga sama. Ruwa yana cika ɗakin, jirgi yana tashi, har ya daidaita da ruwan gaba, sa'an nan a buɗe masa. Mai gangarowa kuwa rage masa ruwan ake yi.

Duk da wannan dabara, kogi ne ke da iko. Manyan jirage ba sa tafiya sai lokacin cikar ruwa, daga wajen watan Agusta zuwa ƙarshen shekara. Da rani sai kwale-kwale. Rashin tsaro ma ya ƙara nauyi: a watan Satumba na 2023 an kai wa jirgin Tumbutu hari, mutane da yawa suka rasu.

Bayan Gao, duwatsun Labbezanga ne ke hana manyan jirage isowa Yamai. Wannan abin lura ne ga ƙasar da ba ta da teku: duk inda za a datse kogi, a tuna da mai jirgi tun ranar da ake zana aikin.