Yaya Ake Shiga Kokowar Takobi?

Kai mai karatu, ko kana da ƙarfi? Ko ka kan kada samarin garinku in an yi kaka? To, saurara ka ji hanyar da ɗan kokowa yake bi daga ƙauyen Dakoro har zuwa filin takobi.

Kokowa wasan manoma da makiyaya ce tun kaka da kakanni. A shekara ta 1975 gwamnatin Nijar ta shirya kokowar ƙasa ta farko a Tawa. Kantu, mutumen jihar Maraɗi, shi ya ɗauki takobi. Shi ya sa aka raɗa wa filin kokowa na Maraɗi sunansa.

Nijar tana da jihohi 8: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha tana kawo ƴan kokowa 10. Ka ga mutum 80 ke nan, takobi kuwa ɗaya ne tak. Ba a gari guda ake yi kullum ba. Bana wannan jiha, baɗi waccan.

Ba a shiga cikin goman nan da baki. Sai ka fara yin suna a gida, a ƙauyuka da kasuwanni. In magabatan kokowa na Dakoro sun ga ka isa, sai su kai ka Maraɗi wurin zaɓe. Can za ka kara da ƙartin Tasawa, Mayahi, Madarumfa da Gidan Rumji. Waɗanda suka fi kaye su ake ɗauka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da wuri ka nemi takardar haihuwa da katin shaida, ka adana su. Ka je likita ya duba lafiyarka. In kana da targaɗe ko ciwon baya, kada ka ɓoye. Ka riƙa gudu da safe, ka ci ka ƙoshi, ka yi barci. Kada ka sha ƙwaya don neman ƙarfi. Ƙarfin ƙwaya na yini ɗaya ne, ciwonta na shekaru.

A cikin fili akwai doka. Ba naushi, ba cizo, ba tsone ido. In bayanka, ko kanka, ko mazauninka ya taɓa ƙasa, ka faɗi. Maganar alƙali ita ce magana. Ga kuma abin da ya fi wuya: a kokowar ƙasa, wanda aka kayar ko sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Sai waɗanda ba su faɗi ba suke karawa har a samu sarki.

In makaɗa sun wasa ka, kada kanka ya kumbura. In an kada ka, tashi ka kakkaɓe rairayi, ka ba abokin karawa hannu. Baɗi ma rana ce.

Abu na ƙarshe: kafin ka tafi, ka tabbata hatsi ya shiga rumbu, iyali suna da abin ci. Takobi na mutum ɗaya ne, amma gida na jiran kowa.

Tambayoyi
1. A wace shekara aka fara kokowar takobi, kuma a ina?
2. Ƴan kokowa nawa kowace jiha take kawowa?
3. Waɗanne takardu ya kamata ka tanada?