Yadda Za Mu Canja Takalmin Birki A Gida

Kaka ta yi, a-kori-kura ta fara jigilar masara da dawa zuwa kasuwa. Mota mai nauyin kaya tana cin birki da sauri, balle a gangara. Kafin mu ɗora buhuna da mutane, ya kamata mu duba takalmin birki.

A bayan tayar gaba ta yawancin motoci akwai faifan ƙarfe mai juyawa tare da tayar. In direba ya taka birki, man birki yakan tura fistan, shi kuma ya matse takalma biyu a jikin faifan. Kaurin sabon takalmi yakan kai milimita 10 zuwa 12, ban da ƙarfen bayansa. In ya rage milimita 3, ya isa canji. In muka ji ƙarfe yana gugar ƙarfe, to, faifan ne ya fara lalacewa, kuɗinsa kuwa ya fi na takalmi nesa.

Kayan aiki: jak, sifana, guntun katako, waya, tsumma, da sababbin takalma huɗu. Mu tafi kasuwa da tsohon don kada a ba mu wani iri. Kullum dama da hagu ake canjawa tare, in ba haka ba mota za ta riƙa karkata gefe guda.

1. Mu tsayar da mota a wuri mai ƙarfi, ba tudu ba gangara. Mu ja birkin hannu, mu tokare tayoyin baya da duwatsu.

2. Mu sassauta notocin taya, sa'an nan mu ɗaga mota. Mu tokare ta da kututture mai ƙwari. Jak kaɗai ba abin dogara ba ne.

3. Mu cire taya, mu kwance ƙarfen da ya rungumi faifan, mu rataye shi da waya. Kada ya yi lilo a jikin tiyon mai.

4. Mu zare tsofaffin takalma, muna lura da yadda suke zaune. Mu goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma. Kada mu hura ta da baki, tana cutar huhu.

5. Mu buɗe murfin gidan man birki, mu tura fistan ciki a hankali da katako, muna dubawa kada mai ya zube.

6. Mu sa sababbi, mu mayar da kome, mu ɗaure tamau, mu rufe murfin. Kada mai ko giris ya taɓa fuskar takalmi ko faifai. Mu gama gefe ɗaya kafin mu kwance ɗayan.

Ga abu mafi muhimmanci: kafin mota ta motsa, mu taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Takun farko yakan tafi ƙasa sarai ba tare da ya kama ba. Bayan haka mu gwada ta a hankali inda babu yara ko dabbobi.

In mai ya ragu, mu ƙara irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Man inji yana ɓata robobin birki. In birki ya ci gaba da taushi, ko mai yana yoyo, ko faifan ya yi zurfin zane, wannan aikin makanike ne. A kira shi ya zo, kada a tuƙa motar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.