Sukar da ke zuwa a mara lokaci-lokaci: me ke kawo ta?

Da yawa daga cikinmu mun taɓa jin suka a ƙasan cibiya, ta zo farat ɗaya kamar an caka allura, jim kaɗan ta lafa. Sai mu ce iska ce, mu koma bakin aiki. Sau da yawa hakan ne. Amma a mara hanji da mafitsara suke, ga mata kuma har da mahaifa da jakar ƙwai. Saboda haka ya kamata mu san wadda za a yi haƙuri da ita, da wadda ba ta jira.

Masu sauƙi

Iska da taurin bayan gida sukan sa hanji ya murɗa, kuma ciwon yakan lafa bayan an fitar da iska ko an zaga. Shan ruwa sosai da cin gwanda, zogale da alayyafo suna taimakawa. Wasu mata kuma sukan ji suka a gefe ɗaya kamar kwana 14 kafin al'ada, lokacin da ƙwai ke fita. Wannan ba cuta ba ce, kuma ba ta cika wuce kwana 2 ba.

Masu bukatar ganin ma'aikacin lafiya

In akwai zafin fitsari da yawan jin fitsari, wataƙila ƙwayoyin cuta ne a mafitsara. Ciwon da ke tasowa daga kwiɓi ya gangaro mara, yana zuwa yana lafawa, kan nuna tsakuwar ƙoda. Jini a ƙarshen fitsari, musamman ga yara masu wanka a kududdufi, alamar tsargiya ce. Mace mai ciwon mara tare da fitar ruwa mai wari tana bukatar gwaji, domin ciwon sanyin da aka bari yana iya toshe bututun mahaifa ya hana haihuwa. In ta hanyar saduwa aka ɗauka, dole a yi wa mata da miji magani tare.

Masu gaggawa

Afendis yakan fara a kusa da cibiya, bayan wasu awoyi ya koma ƙasa ta hannun dama, da zazzaɓi, amai da ƙin abinci. Yana iya fashewa cikin kwana 2 zuwa 3. Mace da ta yi ɓatan wata, sai ga suka a gefe ɗaya, ɗigon jini, jiri ko ciwo a kan kafaɗa, mai yiwuwa cikin a wajen mahaifa ya zauna. In bututun ya fashe, jini na zuba a ciki ba tare da an gani ba. Haka nan kumburi a matse-matsi da ya taurare ya ƙi komawa, tare da amai.

In mun ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ba da maganin wanke ciki ko jiƙo, kada kuma a ba da abinci, domin wataƙila a yi tiyata.

In ciwon mai zuwa ne yana tafiya, mu riƙe abu uku don gaya wa ma'aikacin lafiya: inda yake soma, lokacin da yake tasowa, da ranar al'adar ƙarshe.