Ku Duba Ƙafafun Gaba Kafin Kaka

'Yan'uwa manoma, yawancin ƙungiyoyinmu da ke da mota, a-kori-kura guda ɗaya ce tak. Ita ke kai dawa da gero da wake kasuwar Dawanau, a kan hanyar Kano zuwa Katsina. In ta kwanta a tsakiyar kaka, sai mu sayar wa 'yan baranda a bakin gona yadda suka ga dama.

Direbobi sukan lura da inji, su manta da ƙafafun gaba. To, bari mu ɗauki Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin da ya fara aiki a Kaduna a 1975. A baya, ƙarfe guda ne ya haɗa ƙafafun biyu, yana zaune a kan sifirin mai falle-falle. A gaba kuwa kowace ƙafa zaman kanta take yi. Tana da nata shokazoba a tsaye, da murɗaɗɗen sifirin kewaye da shi. A ƙasa akwai hannu na ƙarfe, da wata gaɓa mai kai kamar ƙwallo wadda bakanike ke kira boljoyin. Shi ya sa in ƙafar dama ta faɗa rami, ta hagu ba ta bi ta ba.

Amma gaɓa da yawa, wurin ciwo da yawa. Wata 'yar roba ce ke rufe boljoyin, tana riƙe giris. Da zarar ta yage, rairayi ya shiga ya yi ta ci kamar dutsen niƙa. Ran da ya tsinke, ƙafar takan karye ta shige ƙarƙashin mota, ga buhuna, ga mutane a bisansu.

Ga yadda muke dubawa. A ɗaga motar da jak, a tokare ta da katako mai ƙarfi. Kada kowa ya dogara ga jak kaɗai. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana wasa, boljoyin ne ko boris. A kama ta dama da hagu. In ta yi wasa, a duba tayarod. Shokazoba mai yoyon mai ya gama aiki, a canja duka biyu tare. Taya mai cinyewa ta gefe guda tana neman saiti.

Murɗaɗɗen sifirin dai a bar wa bakanike mai abin matse shi, gama in ya kuɓuce yana iya kashe mutum. Ma'aji ya ware kuɗin wannan gyara tun a watan Satumba.