Yadda Mai Saye Zai Sami Sana'armu a Intanet



A ziyarar da muke kai wa ƙungiyoyin zumuntar mata da na matasa a Gwandu da Kalgo, kuka ɗaya muke ji. Ga man gyaɗa, ga ƙuli-ƙuli, ga shinkafa da sabulu, amma ciniki sai ranar kasuwa, lokacin biyan rancen ƙungiya kuwa ba ya jira. Alhali Kalgo tana dab da Birnin Kebbi, kuma tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013, wadda mazauninta na dindindin yake a Kalgo, baƙi sun ƙaru. Baƙo bai san gidan kowa ba. In yana neman tela ko mai shinkafa, waya yakan ɗauko ya tambayi Google.

Yaya Google yake aiki? Na'urorinsa suna zagaya shafukan intanet, suna karanta rubutu suna adanawa. In mutum ya nemi sana'a a kusa da shi, Google yakan duba abu uku: ko sana'ar ta dace da abin da ya rubuta, ko tana kusa, da kuma ko mutane sun san ta. Don haka ga shawarwarinmu.

1. A yi rajista a Google Business Profile. Kyauta ne, kuma ko ba mu da shafin kanmu, sunanmu zai iya fitowa a taswira. Google zai nemi shaida cewa wurin na gaske ne, wani lokaci da ɗan bidiyon shago da allonsa.

2. Suna ɗaya, adireshi ɗaya, lambar waya ɗaya a ko'ina: a allo, a Facebook, a jikin leda. In sun bambanta, na'ura da mai saye duk za su rikice.

3. A rubuta kalmomin da mai saye yake nema. "Albarka" kaɗai ba ta faɗi kome ba. A bayanin sana'a a sa "man gyaɗa a Kalgo", da Hausa da Turanci. Mutane da yawa ba sa sa ƙugiya a haruffa, saboda haka a rubuta "gyada" ma.

4. A sa hotunan kayanmu na gaske, amma farashi da lokacin buɗewa a rubuta su a fili, kada a bar su cikin hoto kawai. Hoto mai nauyi yakan ƙi buɗewa inda sabis ba shi da ƙarfi.

5. A roƙi wanda ya ji daɗin kaya ya rubuta ra'ayinsa. Kada a sayi yabo, kada a sa 'yan gida su yi kamar baƙi. Google ya hana, kuma Karin Magana 11:1 ya gargaɗe mu a kan ma'aunin algus.

Mu yi hattara. Duk wanda ya kira ya ce a biya shi ya sa mu a sahun farko cikin kwana ɗaya, yaudara ce. Babu mai iya yin wannan alkawari, sakamako yakan ɗauki makonni. Kada a ba kowa lambar sirrin da ta shigo waya, ko BVN. A buɗe rajistar da imel na ƙungiya, shugaba da ma'aji su riƙe kalmar sirri, don kada kome ya ɓace ranar da yaron da ya taimaka ya tafi makaranta.

Muna roƙon kowace ikilisiya ta zaɓi matashi ɗaya mai aminci da waya, ya zauna da mata bayan sujada su fara da mataki na ɗaya. A kuma tabbata akwai mai ɗaga waya in ta yi ƙara.

Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.